Yadda ake gano abinci mai kyau a bakin hanya idan tafiya ta kama

Masu sayar da abinci a manyan hanyoyinmu kashi biyu ne, ko da rumfunansu na manne da juna. Akwai mai dafa wa matafiyin da ta san ba za ta ƙara ganin fuskarsa ba. Akwai kuma mai dafa wa mutanen da gobe ma za su dawo, jibi ma haka, waɗanda in ta rage musu nama ko ta zuba musu kwantai za su faɗa mata a gaban kowa. Aikin matafiyi shi ne ya gane ta biyun cikin 'yan mintocin da direba ya bayar. Misalan da zan kawo yawancinsu daga hanyar Kano zuwa Abuja ne da ta Kano zuwa Maiduguri, sai ɗan abin da ya shafi Nijar, amma dabarar ɗaya ce a ko'ina.

Mataki na farko: tun daga gida ka san inda yunwa za ta same ka

Abincin hanya yana da lokacinsa. Koko da ƙosai, waina, ɗanwake da kunun gyaɗa na safe ne, daga fitowar rana zuwa hantsi. Tuwo da shinkafa suna sauka daga wuta wajen azahar. Masu tsire da balangu kuwa ba su cika zama sosai ba sai la'asar ta yi. Wanda ya nemi waina da ƙarfe uku na rana zai samu, amma wadda ta huce a cikin kwano tun safe. Wanda kuma ya ga tsire jere a tukuba da ƙarfe tara na safe, ya tambayi kansa yaushe aka yanka wannan dabba.

Don haka ka auna tafiyar da agogo. Daga Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400. In ka tashi bayan asuba, karin kumallo zai same ka tsakanin Kwanar Dangora da Zariya, abincin rana kuma wajen Tafa. In Maiduguri ka nufa, Wudil ta yi kusa, Azare ko Potiskum su ne wurin zama a ci. A wannan hanyar kada ka shantake a kan faranti, domin tsakanin Damaturu da Maiduguri ba a son yamma ta riski mutum. Haka nan tsakanin Kaduna da Abuja, ko Funtuwa zuwa Gusau: a ci abinci a cikin gari inda jama'a take, da rana tsaka, ba a wata rumfa ita kaɗai a dokar daji ba, komai ƙamshin da ke tashi daga cikinta.

Ka kuma binciki ranakun kasuwa. Wudil ran Juma'a take ci, Dambatta ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis. Ranar kasuwa ana yanka da yawa, ana dafawa da yawa, kuma komai yana ƙarewa da wuri, wato ba abin da ke daɗewa a tukunya. Illarta cunkoso ne, sai ka ƙara lokaci a lissafinka. A watan azumi kuwa kada ka dogara da hanya da rana. Mafi yawan rumfuna a rufe suke sai gab da magariba.

Mataki na biyu: tambaya, amma ka san wanda kake tambaya

Da ɗan gari akan ci gari. Sai dai ba kowane ɗan gari ba.

Direban motar haya shi ne mutum na farko da ake tambaya, kuma shi ne ya kamata a yi wa amsarsa taka-tsantsan. Ba wai maƙaryaci ba ne. Al'ada ce sananniya a hanyoyin nan: direban da ya sauke fasinjoji a gidan abinci, nasa farantin kyauta ne, wani wurin har da lemo da ɗan na goro. To wurin da ya tsaya wuri ne da ya yi masa daɗi shi, kuma sau da yawa miyar da aka zuba masa a ciki ba ita ce aka zuba maka a waje ba. In motar ta tsaya, ba dole ba ne ka shiga inda ya shiga. Ka tambaye shi minti nawa za a yi, ka haddace lambar motar, ka faɗa wa maƙwabcinka na kujera inda ka nufa, sannan ka duba rumfunan da ke kusa.

Waɗanda amsarsu ta fi amfani su ne masu cin abincin da kuɗin aljihunsu kullum: direbobin tirela da tanka da yaransu, mai faci, mai sayar da mai a gidan mai, ɗan acaɓa ko mai Keke Napep da ke jiran fasinja, da dattijon da ka tarar yana alwala a masallacin bakin titi.

Yadda ka yi tambayar ma yana da tasiri. In ka ce, "Ina ne gidan abinci mai kyau a garin nan?" za a dubi motarka da rigarka a nuna maka wurin da ke da gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, don ana ganin shi ya dace da baƙo. Ka yi sallama tukuna, ka gaisa, sannan ka ce, "Don Allah Malam, ku a ina kuke cin tuwo da rana?" Ko kuma, "Baba, wainar wa aka fi rububi a nan?" Ambaci abincin da kake so da sunansa. In mutum biyu da ba su san ka tambayi ɗayansu ba suka ambaci mace ɗaya, magana ta ƙare.

Waya fa? Google Maps yana taimako a Kaduna ko Zariya. A ƙananan garuruwa kuwa matar da ta fi kowa iya miyar kuka ba ta da allo, balle suna a intanet. Ana dai cewa "wajen Inna ta bayan tasha".

Mataki na uku: karanta wurin kafin ka zauna

Tun daga nesa ka dubi abin da ke fake a gaban rumfar. Tireloli da babura da kekuna alama ce mai kyau. A Mararrabar Jos da Tafa, inda manyan motoci ke kwana, za ka ga rumfuna da yawa a jere, amma benci biyu ko uku ne kawai ke cike koyaushe. Can za ka nufa. Alamar da ta fi wannan ƙarfi ita ce yaran gari da ke zuwa da kwano ko kula daga gida a zuba musu su koma. Matar aure ba ta aika ɗanta sayen miya inda ba ta yarda da tsabtarsa ba.

Rumfa wayam da tsakar rana alhali ta kusa da ita cike take, wannan ba sa'ar samun wurin zama ba ce.

Da ka matso, ka yi sallama, kada ka yi saurin cewa a zuba. Idonka ya fara zuwa kan tukunya. Tana kan wuta, ko an juye abincin a roba an ajiye? In Hajiya ta ɗaga murfi tururi ya bugi fuskarta har ta kau da kai, alhamdu lillahi. In kuwa mai ya daskare a saman miyar ya yi fata, ko gefen shinkafar ya bushe ya yi ƙarfi, ta daɗe da sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba ba a cikin sanyi ba, kuma mai zafi ya zauna sama da digiri 60. Ba wanda ke yawo da ma'aunin zafi a aljihu, amma tururi ba ya ɓuya.

Daga nan sai ruwan wanke-wanke, wanda a ganina ya fi komai tona asirin wuri. Leƙa bayan rumfar. Mai tsabta tana da baho biyu aƙalla, na sabulu da na ɗauraya, kuma na ɗaurayar ana ganin ƙasansa. In baho ɗaya ne, ruwansa ya koma ja da mai, ƙwayoyin shinkafa na yawo a kai, kuma a ciki ake tsoma kowane faranti a miƙo wa na gaba, to ka ce a sa maka a takarda ko a roba sabuwa, ko ka yi gaba. Dubi kuma wanda ke karɓar kuɗi. In hannun da ya karɓi tsohuwar ɗari biyu shi ne ya koma ya ɗauki malmalar tuwo, ka san abin da ka saya. Wuri mai tsari yakan raba aikin: uwa na zubawa, 'ya na karɓar kuɗi.

Ƙuda ba ya rasa a ƙasar zafi, musamman lokacin mangwaro. Abin dubawa shi ne ko an rufe abincin, da kuma inda rumfar take. Wadda ke bakin kwata ko kusa da juji, ko a ce ta fi kowa iya girki, a bar ta.

Mataki na huɗu: ci abin da garin ya iya

Kuskuren da matafiya suka fi yi shi ne neman abincin birni a ƙauye: soyayyiyar shinkafa da salak da kaza a garin da kowa tuwon dawa yake ci. Abin da ba a saye da yawa shi ne ke kwana. Ka saurari abin da mutum uku da ke gabanka suka ce a zuba musu, ka bi sahu.

Kowane yanki da abin da ya shahara da shi. Kano akwai gurasa, ko bandashe da ƙuli da yaji da man gyaɗa, ko a haɗa ta da tsire. Bauchi masa ce, da miyar taushe ko da ƙuli. Garuruwan bakin ruwa kamar Wudil, Haɗeja, Yawuri da Lakwaja kifi ne. A Jos ka nemi gwate da dankalin Turawa. A Borno ka nemi burabusko. Tsakanin Kura da Kwanar Gafan, lokacin noman rani, tumatir da albasa da attaruhu ne jibge a bakin titi, wajen Tashar Yari kuma ƙasar Maƙarfi ce, ƙasar rake da mazarƙwaila. In ka tsallaka Nijar ka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Ƙonni zuwa Maraɗi da Damagaram, kilishi da cuku da albasar Galmi su ne abin tsayawa.

In ba ka gane wurin sosai ba kuma yunwa ta matsa, zaɓi abin da ake yi a gabanka: ƙosai daga cikin mai, waina daga tanda, awara mai zafi, masara gasasshiya, ko ka zauna teburin mai shayi ya soya maka ƙwai ya dafa indomi kana kallo. Dubi man suyar kawai. In ya yi baƙi yana hayaƙi, an daɗe ana juya shi. Abin da ya fi jawo ciwon ciki shi ne wanda wuta ba ta taɓa ba: latas da kabeji da kokwamba da aka yanka tun safe, kwaɗon zogale ko rama da ya sha rana, kankana da abarba da aka fere aka jera a tire. 'Ya'yan itace ka sayi mai ɓawo ka ɓare da hannunka, ayaba ko lemo. Ayabar da ta yi rawaya fes alhali wuyanta kore shar, mai yiwuwa da sinadarin kabaid aka nunar da ita, abin da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kai.

Mataki na biyar: gaban tukubar mai nama

Nan ne matafiyi ya fi sakin kuɗi, nan ne kuma aka fi yi masa wayo, don haka bari in ɗan daɗe.

Fara da kallon ɗanyen naman, in akwai shi a rataye ko a tsinke. Sabon yanka jawur yake, kitsensa fari ko ruwan madara, ba ya yauƙi. Tsiren da aka gasa jiya aka sake shafa masa mai da ƙuli yakan yi duhu, gefensa ya ƙanƙance, ya manne wa tsinke. Balangu kuma ka sa a ɗaga takardar da aka rufe shi da ita ka gani da ido: na yau yana naso, wuƙa na shiga ba gardama.

Al'ada ce mai nama ya yanko maka ɗanɗano, kuma ba wanda zai ga laifinka in ka ce, "Maigida, a ba mu mu taɓa." Abin lura shi ne daga ina ya yanko. Wani yakan ajiye tsoka mai kyau a gaba don ɗanɗano, in ka ce a yanka na dubu kaza sai wuƙar ta koma baya inda jijiya da kitse suke. Nuna da yatsa: "Daga nan nake so." Ka tsaya har a gama yankawa. Sannan ka ce a mayar da shi kan wuta ya yi zafi sosai kafin a naɗe, ba a ɗan gifta shi ta saman garwashi ba. Albasa a yanka sabuwa a gabanka. Tumatir da kabejin da ke cikin roba tun ɗazu, ka ce a bar su. Yaji kuma a ƙulla maka daban, domin yaji mai yawa yana rufe ɗanɗanon naman da ya fara juyawa.

Farfesun kayan ciki da ganda da kai da ƙafa suna da daɗi a hanya, amma sai a tukunyar da ke tafasa. Naman da ya yi laushi fiye da kima har yana narkewa ba ɗanɗano, wasu marasa tsoron Allah da farasitamol suke dafa shi don ya nuna da wuri su rage itace. Wannan ma hukuma ta yi kashedi a kansa.

Kilishi kuwa ka karya gefensa. Mai kyau yana da sirantaka, ya bushe har ciki, yana ƙamshin gyaɗa da citta. Wanda labu ya fi nama yawa a jikinsa za ka ji shi yana dagargajewa ya zama gari. Mai warin tsohon mai ko ɗigon fari-fari a jiki, ajiye shi. Busasshen kifi ma a shinshina: ƙamshin hayaƙi ake nema. In ka ji warin magani, akwai masu fesa wa banda maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa.

Mataki na shida: abin sha

Ruwa ya fi abinci kwantar da matafiyi. Mafi sauƙi shi ne ka taho da naka daga gida. In za ka saya, na gora ka tabbata murfinsa bai taɓa buɗuwa ba, na leda kuma ka duba lambar NAFDAC, ka goge bakin ledar kafin ka kai baki, domin cikin ruwan ƙanƙarar da hannu ɗari ya shiga aka tsamo ta. Da damina a ƙara kula, lokacin ne kwalara ke yaɗuwa. Wanda ya ga abin da ta yi a jihohin Arewa a 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Zoɓo da kunun aya da lamurje na cikin tsofaffin gorunan ruwa, ba ka san da wane ruwa aka haɗa ba, ba ka san inda aka tsinto gorar ba. Kunun aya ma ba ya jure zafi, kafin yamma ya yi tsami. Ni dai a hanya nakan haƙura da su.

Fura da nono fa, wadda ba Bahaushen da zai wuce ta da tsakar rana? Ka nemi kindirmo, domin shi sai an dafa madarar kafin a kwantar da ita. Dubi ƙwaryar da faifan da aka rufe ta da shi, da ludayin. Sannan ka ce a dama maka ba ruwa ba ƙanƙara, ka ƙara naka ruwan da kanka. Mafi kyau ma ka riƙe kofinka a mota. Direba kuma ya sani: fura mai kauri ko tuwo malmala uku da azahar, ga zafi ga miƙaƙƙiyar hanya, gyangyaɗi suke kawowa. Mai tuƙi ya ci kaɗan, ya sha shayi ko ya ci goro, ya bar cikon sai an sauka.

Mataki na bakwai: ciniki da biya

Tambayi kuɗi kafin a zuba, ba bayan ka wanke hannu ba. "Hajiya, nawa ne faranti? Nama fa, nawa-nawa?" Nama daban ake lissafa shi a yawancin wurare, kuma a nan ne baƙo ke jin kuɗi ya ninka. Ka faɗi na nawa kake so. Ba a taya tuwo kamar yadda ake taya akuya a kara, amma neman gyara a wajen mai ƙosai ko mai nama ba abin kunya ba ne.

Riƙe ƙananan kuɗi a aljihu na daban. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 masu abinci da yawa sun koma karɓar taransfa, wasu har da POS, amma sabis yakan ɗauke a hanya, kuma ba abin da ya kai tsayuwa jiran alat ciwo alhali direba na danna ham. A Nijar kuma ka tuna da dala ake lissafi: dala ɗaya sefa 5 ce, in aka ce maka dala ashirin sefa 100 ake nufi, jaka ɗaya kuwa sefa 1,000.

Guzuri, yara da tsaraba

Komai iya bincikenka, wata rana mota za ta lalace a inda ba kowa. Dabino, soyayyiyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dambun nama, cincin da burodi ba sa lalacewa da wuri. Ƙara da sabulu ɗan ƙarami, cokali, da 'yan ƙunshin gishirin ORS saboda gudawa. In da ƙananan yara ko mai juna biyu ko tsoho mai ciwon suga a motar, abincinsu ya fito daga gida a kula, na hanya ya zama ƙari kawai.

Tsaraba kuma a saye ta gwargwadon sauran tafiya. Kilishi, cuku, mazarƙwaila, albasa da doya za su kai ko'ina. Tsire da soyayyen kifi da nono kuwa in sauran tafiyar ta wuce awa biyu, a ci su a wurin. Nama mai zafi kada a ƙulle shi a leda a jefa but ɗin mota. Gumi yake yi ya lalace. A bar shi a takarda, a sa inda iska ke shiga.

In ka dace da wuri mai kyau, kafin ka tashi ka tambayi sunan da aka san mai abincin da shi, da lokacin da take saukewa, da ranar da ba ta fitowa. Ka lura da wata alama ta kusa, gidan mai ko masallaci ko gada, ka rubuta a waya tare da sunan garin. In tana da lamba ka karɓa. Da yawansu in ka kira tun kana nesa za su ajiye maka rabonka a kan wuta.